Godiya ga mutanen da suka tsaya mana a hanyar Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya dawo mana da alhazanmu lafiya. Tun ranar Arfa wayata take cike da kira da saƙonni, wasu na gani na ce bari in amsa anjima, hidimar jinya ta sha kaina. Ku yi mini afuwa. Yarinya ta ji sauƙi, alhamdulillahi, yau da asuba ma ita ta tashe mu tana kukan koko. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne akwai mutanen da suka yi mana abin da ba zan iya biya ba, kuma yawancinsu ba ni da lambarsu, wasu ko sunansu ban tambaya ba saboda ruɗewa. Wataƙila saƙon nan ya bi hannu ya kai gare su.

Shekararta ɗaya da wata takwas. 'Yar fari ce, ga ta kuma takwarar Hajiya surukata, kun ga sunan ya fi ƙarfin bakina ta fuska biyu. Shirinmu shi ne ni da ita mu riga Abbanta tafiya Kano ranar 8 ga Zulhijja, shi ya biyo mu da mota washegari idan ya tashi daga aiki, bayan Sallah kuma in bar ta wajen Hajiya a yaye ta. Mako guda na yi ina haɗa jaka. Mai tafiya da yaron da ya fara gudu ya san zancen: kayanki rabin jaka, nasa jaka biyu, famfas, kayan canji, filas ɗin ruwan zafi, garin kunu, da wata tsohuwar 'yar tsana mai hannu ɗaya wadda in babu ita babu barci. Abu ɗaya da ban saka ba shi ne ORS, garin gishiri da sukarin nan da ake haɗawa da ruwa a ba mai gudawa, kuma shi ne abin da na fi buƙata.

A daren da za mu tashi ta yi gudawa sau biyu. Na duba bakinta na ga dasashi ya kumbura, na ce haƙori ne, na kwanta.

Mun hau jirgin ƙasa a tashar Kubwa da safe. Tun da aka buɗe layin nan a 2016 nake bin sa, amma ban taɓa hawa da ita tana da ƙafa ba. Ta ƙi zama sam. Godiyata ta farko ga wani saurayi ce da kujerarsa take jikin taga, ya tashi ya ba mu ba tare da na roƙa ba, ya ce, "Anti, ku dawo nan ta riƙa kallon waje, za ta fi natsuwa." Haka kuwa aka yi. Daga Jere har muka wuce Rijana tana manne da gilashi, duk garken shanun da ta hango sai ta nuna ta ce "mee", don a wajenta duk mai ƙafa huɗu rago ne. Sau biyu na canza mata famfas a jirgi, kunu kuma ta ƙi sha, sai nono. A Rigasa saurayin nan ya ɗauki babbar jakata har bakin mota, ya juya ya tafi kafin in gama cewa na gode.

A Kawo ba masaka tsinke, kowa ya nufi gida. Muka samu Sharon mai zuwa Kano, na biya kujera biyu don ta samu wajen miƙe ƙafa. Muna wuce Mararrabar Jos ta fara amai. Kafin mu kai Jaji ta yi sau huɗu, ga gudawa kamar an buɗe famfo, ta ɓata zanina, ta ɓata kujera, ta ɓata gefen rigar mutumin da ke kusa da mu, shadda sabuwa dal. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri ya ɗaga hannu ya ce, "Haba Hajiya, ni ma ina da kamarta a gida, ki ji da yarinya." Bawan Allah, ban san inda ka sauka ba, Allah Ya raya maka naka.

Kowa a motar ya kawo shawara, kuma na san duk don ƙauna ne. Wani ya ce haƙori ne zai wuce, wata ta ce a sayi lemon kwalba a zuba gishiri a ba ta. A kujerar baya akwai wata dattijuwa da ba ta ce komai ba tun daga Kawo, carbi kawai take ja. Sai ta ce, "'Yar nan, miƙo mini ita." Ta ɗora ta a cinya, ta buɗe mata ido, ta ɗan tsunkuli fatar cikinta ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, sai a hankali ta koma. Ta tambaye ni rabonta da fitsari, na rasa amsa, don gudawa ta hana ni ganewa. Ta ce, "Kin ga tana kuka babu hawaye? Ruwan jikinta ne ya ƙare. Yarinyar nan ba za ta kai Kano a haka ba. Malam direba, in mun shiga Zariya asibiti za ka kai mu."

A nan kunya ta kau. Na ga idonta ya faɗa, wuyanta ya langaɓe a kafaɗar matar nan, sai na ji bakina yana kiran sunanta na yanka da ƙarfi, sunan da ban taɓa furtawa a gaban mutane ba tun ranar suna.

Direban nan shi nake so ku taya ni nema. Ana saura kwana biyu Sallah, lokacin da kowane direba ke lissafin sawu nawa zai yi kafin dare, ya juyo ya tambayi fasinjoji ko sun yarda a ratse. Babu wanda ya yi gardama. Wajen Kwangila ya tsaya a bakin wani kemis, ya fita da gudu ya sayo ORS da ruwan leda da kuɗinsa. Dattijuwar ta juye ruwan leda biyu a gorar roba, lita ɗaya ke nan kamar yadda aka rubuta a jikin takardar, ta zuba garin ta girgiza, ta riƙa ɗiga mata da murfin gora kaɗan-kaɗan har muka isa wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Fasinjoji suka zauna a mota cikin zafi fiye da rabin awa, har aka tabbatar za a kwantar da mu. Sannan direban ya shigo ya miƙo mini ragowar kuɗin motata daga Zariya zuwa Kano. Na ce ya bar shi, ya ce bai kai ni ba, ba zai ci ba. Manyan jakunkuna kuwa, da kayan Sallar yara da tsarabar Hajiya, ya ce ba zan iya da su a asibiti ba, in kwatanta masa gidan. Na kwatanta, ban ko karɓi lambarsa ba. Bayan isha'i Hajiya ta kira ta ce wani ya kawo kaya har zaure, ko allura ba ta ɓata ba, an kawo masa abinci ya ce sauri yake, ya sha ruwa kawai ya tafi.

Sista da muka tarar a bakin aiki, Allah Ya saka miki da alheri. Jijiyar yaron da ruwa ya ƙare a jikinsa ɓuya take yi. Ta nema a hannun dama ba ta samu ba, ta koma hagu, yarinya ko motsin kirki ba ta yi, wannan shirun ya fi kuka tayar mini da hankali. Ta durƙusa a ƙasa, ta sa wata ta haska mata da fitilar waya, ta riƙa shafa bayan hannun da babban yatsa tana bismillah, a karo na uku jini ya leƙo a cikin allurar. Ta ɗaure da filasta, ta ɗora hannun a kan ɗan kwali don kada ta lanƙwasa, ta rataya ƙarin ruwa. Aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro ba a samu ba. Ta tambayi katin rigakafi, na nuna mata hotonsa a waya, ta ga an yi mata na rota, wanda aka shigar cikin rigakafin yara a Najeriya a 2022, ta ce madalla, yana rage tsananin irin wannan gudawar.

Ba ta yi mini faɗa ba, amma ta gaya mini gaskiya, kuma ina so iyaye mata su ji. Ta ce fitar haƙori ba ta kawo gudawa da amai irin wannan, kuma kalmar nan "haƙori ne" ita ke sa a zauna da yaro a gida har ya galabaita. Lemon kwalba sukarinsa ya yi yawa, ƙara gudawar yake. Da na fara ba ta ORS tun daren farko, cokali-cokali, in ta yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali, da wataƙila ba mu kai ga ƙarin ruwa ba. Abin da aka haɗa ba ya wuce awa 24, a zubar a sake sabo. Ga ƙwayar zinc, ɗaya kullum har kwana 10 ko da gudawa ta tsaya. Nono kuma kada a daina. Na daɗe ina jin waɗannan a rediyo da wajen awo, amma ban taɓa ɗauka da ni ake ba.

Dattijuwar nan ashe 'yar Tudun Wada ce, a Zariya za ta sauka dama. Jikokinta na jiran ta, amma ba ta tafi ba sai bayan magariba. Ita ta wanke mini zanin da ya ɓaci a famfon asibiti ta shanya, ita ta riƙe yarinya na yi sallolin da suka kuɓuce mini. Da ta tafi ta aiko jikanta da kula, tuwon masara miyar kuka, da zani mai tsabta da filas ɗin shayi. Ta sa ya gaya mini, "Inna ta ce ki ci, mai shayarwa ba ta kwana da yunwa." Wajen ƙarfe uku na dare na taɓa famfas na ji shi da nauyi, na buɗe na ga fitsari. Na kira Sista da gudu, ta duba ta yi murmushi ta ce, "To, mun tsallake." Da asuba da aka zo cire filasta yarinya ta tsala ihu, hawaye shaɓe-shaɓe, ni kuma ina ta hamdala.

Abbanta ya baro Abuja da sassafe ranar Arfa da azumi a bakinsa, ya iso mana kafin azahar, aka sallame mu da la'asar. 'Yan uwana da suka yi ta kira, maƙwabtanmu na Kubwa da suka haɗa kuɗi suka turo ba tare da an tambaye su ba, ƙanin mijina da ya kwana da mukullin mota a hannu yana jiran a ce ya taho, duk na gode, Allah Ya bar zumunci.

Hajiya kuwa, duk hanyar Kano ina tunanin da wane ido zan kalle ta, na taho da jikarta da ciwo ban faɗa wa kowa ba. Muna shiga ta karɓe ta ta goya, ta ce, "Kishiya, haka za ki zo mini Sallah a rame, ki ce za ki ƙwace mini miji?" Sannan ta juyo ta ce mini, "Sannu 'yata, kin sha wahala, je ki kwanta." Ba ta ƙara kalma ɗaya a kai ba har yau. Maganar yaye ma ita ta fara soke ta, ta ce ba a yaye yaro yana jinya, sai ta mayar da jikinta, in Allah Ya kai mu bayan damina. Ranar Sallah ba mu je idi ba, amma an sa mata lalle, ta sa rigarta da direban nan ya kawo, ta tsaya a bayan ƙafar kakanta tana leƙen ragon layya tana ce masa "mee", in ya motsa ta ruga.

Wanda duk ya san direban Sharon mai ruwan toka da ke lodi a Kawo zuwa Kano, wanda ya kai kaya wani gida a cikin birni ana saura kwana biyu Sallah, don Allah ya gaya masa yarinyar ta tashi, kuma Abbanta yana son ganin sa. Inna ta Tudun Wada, kularki da filas da zani suna nan na wanke na ajiye. Jikanki ya kwatanta mana layin, ranar Lahadi in Allah Ya yarda za mu ratso Zariya a hanyar komawa, in kawo miki ita ki gan ta da ƙafarta.