Ciyawar da Na Saya Yuro Huɗu a Dablin

Tun a filin jirgi na fara ganinsa, koren ganye mai kunne uku a wutsiyar jiragen Aer Lingus, kamfanin jirgin sama na ƙasar Ireland. Na sauka Dablin, babban birnin ƙasar, ana saura kwana biyu 17 ga Maris, ranar bikin Waliyyi Patrick, waliyyin ƙasar, ga sanyi mai ratsa ƙashi.

Washegari a titin Moore na tarar wata mata ta kasa ƙulli-ƙullin ciyawa. Shamrok ke nan, ganyen nan mai kunne uku, Yuro huɗu! Na taya biyu, ko albarka ba ta ce ba, ta juya wajen wani. A gida irin wannan kyauta ake yanko wa akuya a bakin fadama. Na dai saya, amma har yau ina ganin an tsawwala.

Tsohuwar da na sauka a gidanta ce ta wanke mini zuciya. Ta karɓi ƙullin da yatsunta masu rawa, ta maƙala mini a wuyan kwat da fil, ta dama mini shayi. Na ce, "Iya, me ciyawa ta yi haka?" Ta ce a wajensu, da ganyen nan uku Patrick ya yi wa kakanninsu bayanin aƙidar Triniti ta Kiristoci, wato Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da ta ji daga Najeriya nake sai murna, domin a 1961 limaman Katolika na ƙasarmu shi suka ɗauka waliyyinsu.

Ita ta tura ni lambun tsirrai na Glasnevin, shiga kyauta, abin da ya burge ni ƙwarai. A can na gane ashe shamrok ba tsiro ɗaya ba ne. A 1988 wani masanin lambun, Charles Nelson, ya roƙi jama'a su aiko masa abin da suke kira shamrok, ya raine su har suka yi fure. Kashi 46 cikin 100 wani kulofa ne (ƙaramar ciyawa mai ganye uku) mai ƙaramin fure rawaya, kashi 35 kulofa mai farin fure, sauran wasu tsirrai daban. A watan Maris ba fure, shi ya sa duk suke kama da juna. Tambarin hukumar ƙasar ma ba shamrok ba ne, wani abin kiɗa ne mai tsirkiya da yawa, yana jikin sulallansu.

Ranar bikin titin O'Connell ba masaka tsinke.

Ƙullin ya bushe, yana nan cikin fasfona, fil ɗin Iya na jikinsa.