Alhamdulillahi na dawo Zariya lafiya, ga godiyata

Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar mota ta sauke ni a Kwangila, sati takwas cif na yi a Tamale can arewacin Gana, kuma tun daren jiya wayata ba ta huta ba, saƙon sannu da zuwa ta ko'ina. Na ga ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, wanda ban ambata ba don Allah ya yafe min, ba mantuwa ba ce, yawa ne gare ku.

Ga waɗanda ba su san me ya kai ni ba, ni ɗaliba ce a ABU Samaru, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam da ba da shawara, sai na samu dama lokacin dogon hutu in je aikin sa kai da wata ƙungiya da ke kula da masu taɓin hankali da masu farfaɗiya a unguwanni da ƙauyuka. Ba biyana ake yi ba, masauki kawai suka ba ni.

Godiya ta farko bayan ta Allah ta Baba ce. Baba na san abin da aka riƙa faɗa maka, wai ya za ka bar 'ya mace ta tafi wata ƙasa ta zauna cikin mahaukata, har a masallaci an tare ka da maganar. Kwana uku ba ka ce min komai ba, ranar na huɗu bayan asuba ka kira ni ka ce in dai don Allah za ki yi to je ki, amma Yayanki zai raka ki. Wallahi ban manta yadda muryarka ta yi ba. Umma kuma ke kika sayar da tunkiyarki aka cika kuɗin mota, kika ɗaure min kuka da daddawa da yaji a leda uku uku. Allah ya saka da Aljanna. Yaya, kai ka bar shagonka a Sabon Gari ka bi ni Legas, muka ratsa Kwatano da Lome muka shiga ta bodar Aflao, daga Akra kuma muka kwana a hanya kafin Tamale, sai da ka ga ɗakina da idonka ka gaisa da matar gidan sannan ka juyo. Na gode Yayana.

Malamina na sashe da ya rubuta min takardar shaida, kuma shi ya hana ni tura kuɗi wa wasu da na fara gani a intanet suna neman dala kafin ma su faɗi asibitin da za su kai mutum, Malam Allah ya ƙara girma. Shi ya ja min kunne ya ce ki tuna ke ɗaliba ce, ba ki ba da magani, ba ki faɗa wa kowa sunan ciwonsa, ki saurara ki rubuta ki kai wa nas. Haka na yi har na dawo. 'Yan ajinmu da kuka yi karo-karo a guruf na WhatsApp, wani dubu ɗaya wata ɗari biyar a wannan tsadar, na ga sunan kowa kuma na adana.

Sai Sista, nas ɗin da aka haɗa ni da ita. Gana na da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku, Akra da Pantang da Ankaful, duka a kudu suke, saboda haka a arewa nauyin yana kan irin su Sista ne da ke hawa babur su bi mutane har gida. Ni nake riƙe littafin rijista a bayanta, mu ƙirga ƙwayoyin da suka rage mu ga ko ana sha, mu tambayi barci da cin abinci. Ita ta koya min cewa ba a tsaya a kan mara lafiya, ka nemi kujera ko tabarma ka zauna daidai da shi. Da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni a sati na biyar ita ta kwana biyu a kaina tana dama min koko, kuma ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba.

Akwai wata tsohuwa a unguwar Zango ta can Tamale da ba zan faɗi sunanta ba amma ta ba ni izinin ba da labarin. Ɗanta ya yi shekaru ɗaure da mari a wani wurin addu'a, har yanzu tabon na nan zagaye da idon sawunsa, fari fat, in ya zauna sai ya ja wando ya rufe. Ana ta yi mata bayani da Dagbanci, yaren mutanen Tamale, tana gyaɗa kai kawai, sai na ce Iya ina wuni, ya mai jiki. Ta ɗago ta kama hannuna ta ce ke 'yar ina ce, na ce Zazzau, sai hawaye. Awa guda tana magana ban ce komai ba, a nan ne ta faɗa cewa ta daina ba shi maganin don yana sa hannunsa rawa da dalalar da miyau, ta ɗauka aljanun ne suka dawo, tsoro ya hana ta faɗa. Na kai wa Sista, aka sake duba shi aka gyara maganin. Kafin in taho na same shi zaune a ƙofar gida yana taya ta ƙulla gyaɗa a leda. Iya na gode da kika yarda da ni, da tuwon zafin da kike aiko min duk Juma'a.

Ban je can na ga abin da babu a gida ba. Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, aka hana ɗaure mutane da sarƙa a 2017, amma har gobe ana yi a ɓoye. Mu ma kowa ya tuna mutum sama da 300 da aka fitar daga wani gida a Rigasa a 2019, kuma sai Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokarmu da ta maye gurbin ta 1958. Abin da ya fi ci min rai shi ne iyayen nan ba mugunta ce ke sa su ba, so ne da rashin sanin inda za su nufa, alhali ga sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Shika, ga na Barnawa a Kaduna. Iya ba ta bar addu'a ba ko rana ɗaya, tana tofa masa kuma tana ba shi maganinsa, Sista ba ta taɓa ce mata ta zaɓi ɗaya ba.

Gwaggo da maƙwabta na Tudun Wada da kuka riƙa leƙo Umma, da Kawu da ya sa aka yi min saukar Alƙur'ani da na kwanta ciwo, Allah ya bar zumunci. Ina gida har ƙarshen sati kafin in koma Samaru, mai zuwa ya zo akwai 'yar tsaraba. Ɗan Iya zai koma ganin likita wata mai kamawa, don Allah ku sa shi a addu'a.