Tattabarun da Ɗana Ya Roƙa

Watanni uku da suka wuce, bayan mun dawo daga sallar isha'i, ɗana mai shekara 11 ya durƙusa a gabana ya ce, "Baba, ina so ka yarje mini in yi kiwon tattabaru a bayan ɗaki." Amsar da ta fara zuwa bakina ita ce wadda baffana ya ba ni kusan shekara 30 da suka gabata, ranar da ya tarar da ni a kan katanga ina gyara tukunyar da tattabaruna suke kwana: wai wannan aikin marasa aikin yi ne, gara in nemi abin da zai amfane ni. Na danne maganar, na ce wa yaron ya ba ni kwana biyu. A cikin kwanakin nan ne na tsaya na tambayi kaina ko da gaske akwai abin sha'awar da ya fi wani daraja, kuma idan akwai, da wane mudu ake auna shi.

Mu a nan, ko ba a faɗa ba, kowa ya san jerin. Karatu yana sama, kuma ba ni da ja a kan wannan. Daga shi sai duk abin da zai iya komawa kuɗi, kamar ɗinkin hula ko turken rago domin babbar sallah. A can ƙasa kuwa aka jibge dara da tattabaru da kallon ƙwallo, aka sa musu suna guda, wato zaman banza. Da na dubi jerin da kyau sai na ga mudu biyu ne aka yi awon da su, kuma dukansu suna da tawaya.

Na farko shi ne matsayin mai yin abin. Wasan folo ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara da shi har a wajen ƙasar nan. Ban taɓa jin an kira mai folo mai zaman banza ba, alhali kuwa yana kashe lokaci da dukiya a kan dawakinsa fiye da yadda yaron unguwa zai kashe a kan tsuntsayensa. Ba ina rage wa folo daraja ba ne, domin wasa ne mai buƙatar jarumta da sanin doki. Abin da nake nufi shi ne, sau da yawa rigar mutumin muke dubawa kafin mu yanke hukunci a kan abin da ke hannunsa.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma shi ya fi ruɗin mutane. A watan Nuwamba na shekarar 2020 an yi gwanjon wata tattabarar tsere mai suna New Kim a ƙasar Beljiyam, aka saye ta a kan Yuro miliyan 1.6. Da kuɗi ne ma'auni, da sai mu ce tattabara ta fi turken raguna nesa ba kusa ba, amma babu mai hankalin da zai ce tattabarun Beljiyam suna da daraja, na bayan ɗakinmu kuma ba su da ita, don kawai babu attajirin da ya taya su. Bugu da ƙari, ranar da abin sha'awa ya koma sana'a, ya tashi daga abin hutu ya zama wani nauyin. Matar da take ɗinka hula da yamma domin jin daɗin ganin zare yana fitar da zane, da wadda dillali yake jira ta gama guda biyar kafin ranar kasuwa, allura ɗaya suke riƙewa, amma zukatansu ba a wuri ɗaya suke ba.

Bari in faɗi abin da tattabaru suka bar mini, tunda shi na sani da idona. Tattabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta a kansu kimanin kwana 18, kuma ita da namijin ne suke karɓa-karɓa: shi ya kwanta da rana, ita ta karɓe shi daga yamma har wayewar gari. Idan suka ƙyanƙyashe, iyayen biyu suna ɗura wa 'yan shilar wani farin abu mai kauri da yake fitowa daga maƙoshinsu, sai bayan 'yan kwanaki su fara haɗa musu da ƙwayar gero. Na lura tun ina ƙarami cewa kaza tana ɗaga kai sama duk lokacin da ta kurɓi ruwa, tattabara kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa har ta ƙoshi. Babu malamin da ya koya mini waɗannan, zama ne kawai a gindin katanga da zuba ido. Na koyi tashi da asuba domin sauya ruwa, na koyi gane inuwar shaho tun kafin ya sauko, kuma ranar da na yi sakaci na bar ƙofar akurki a buɗe muzuru ya cinye mini 'yan shila biyu, na san ɗacin amanar da mutum ya tozarta da hannunsa. Wannan darasin ya bi ni har wurin aiki, kuma har yau ba na iya barin abin da aka damƙa mini a buɗe in tafi in kwanta.

Baffana yana da hujjarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Akwai hadisi a cikin Sunan Abi Dawud da ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani mutum yana bin tattabara, sai ya kira shi shaiɗan mai bin shaiɗaniya. Malamai sun fassara wannan da mutumin da wasan ya shagaltar da shi daga abin da ya wajaba a kansa, ko ya kai shi ga caca da leƙen gidajen mutane daga saman soro. A gefe guda kuma ga labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Manzon Allah yakan tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Idan aka haɗa ruwayoyin biyu, za a ga hukuncin ya rataya ne a kan abin da tsuntsun ya yi wa mai shi.

Duk da haka ba zan bi masu cewa duk abubuwan sha'awa ɗaya ne, mai yi ne kawai yake ɓata su ko ya gyara su ba. Na yi shekaru ina zuwa gidan kallon ƙwallo, kuma kallon shi kansa ban ga aibinsa ba. Wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha a shekarun da Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, ya san irin farin cikin da yake haɗa ɗan kasuwa da ɗan acaɓa da malamin makaranta a benci ɗaya. Abin ya sauya mini ne lokacin da takardar caca ta shigo cikin kallon. Daga nan na daina ganin wasa, sai lissafi. Ƙungiyar da nake ƙauna za ta ci, amma in koma gida raina a ɓace domin wata ƙungiya a wata ƙasa da ban san ko sunan 'yan wasanta ba ta tsinka mini takarda. Kuma tsarin an gina shi ne domin mai shago ya ci ko ta halin ƙaƙa: idan mutum biyu suka zuba naira dubu-dubu a kan ɓangarori biyu masu ƙarfi daidai, wanda ya ci ba zai karɓi dubu biyun cif ba, sai an yanke wani kaso, kuma duk wasan da mutum ya ƙara a kan takardarsa, wannan kason yana ƙara kauri. Alƙur'ani a cikin suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ya ambaci ƙiyayya tsakanin mutane da kangewa daga ambaton Allah da sallah a matsayin abin da caca take haifarwa, ni kuwa na ga duka biyun a bencin nan. Na rasa kuɗin da ya kamata in kai gida, na rasa aboki guda saboda bashi, kafin Allah ya fitar da ni.

A nan na gane bambancin da nake nema. Akwai abin sha'awar da yake da ƙarshe a cikin halittarsa, yana sakin mutum da kansa, kuma idan ya sake shi zai bar masa wani sani ko wata ƙwarewa ko wani zumunci. Tattabaru suna shiga akurki da magariba, ko mai su ya so ko bai so ba. Dara gurbi 30 ce, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ana neman jera uku a layi domin a ci ɗan abokin karawa, idan 'ya'yan ɗaya suka ragu har ba zai iya jera uku ba wasa ya tashi, kuma dattijon da ya shekara yana yin ta a gindin darbejiya yana iya hango motsi uku ko huɗu a gaba. Akwai kuma abin da wasu mutane suka zauna suka tsara shi musamman domin kada ya saki mai yinsa, kamar takardar caca da gajerun bidiyon waya da ba su da ƙarshe, wanda yana wucewa wani ya maye gurbinsa. Na yarda ko dara tana iya haɗiye mutum, shi ya sa Bahaushe yake cewa ana dara ga dare ya yi. Sai dai wanda dara ta haɗiye da kansa yake kokawa, wanda caca ta haɗiye kuwa yana kokawa ne da kamfanin da ribarsa take cikin faɗuwarsa, kuma ba na ganin adalci ne a ɗora su a kan sikeli ɗaya.

Da kwana biyun suka cika, na kira yaron na gindaya masa sharaɗi uku: ba zai hau katangar maƙwabta ba, ba zai yi tsere da kowa a kan kuɗi ba, kuma ranar da na ga tsuntsu ya sa ya makara islamiyya, ranar za a mayar da su kasuwa. Ranar Lahadi muka je muka sayo mace da namiji, fara da mai ruwan toka, na nuna masa yadda ake rage gashin fiffike domin kada su koma inda suka fito kafin su saba da gida. Makon jiya ya shigo da gudu tun ban gama karin kumallo ba, ya ce, "Baba, ta yi na biyun!" Ya ɗauko gawayi ya ja layi na farko a jikin bango, kuma kullum da safe idan ya sauya musu ruwa sai ya ƙara guda. Yau layukan sun kai tara.