Rumbun ruwan Rumawa a ƙarƙashin Santambul

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Santambul, wato Istanbul, saro kaya yawanci a unguwar Laleli suke sauka, kuma da yawa suna komawa gida ba su san cewa tasha uku kacal ke tsakaninsu da wani rumbun ruwa mai shekara kusan 1,500 ba. Daga nan na tashi da hantsi. Na sa kuɗi a katin Istanbulkart, na hau taram, wato jirgin ƙasa na kan titi, mai lamba T1 ta wajen da ya nufi Kabataş, na wuce Beyazıt da Çemberlitaş, na sauka a Sultanahmet. Ƙofar rumbun tana tsallaken titi daga masallacin Aya Sofiya, wani ɗan gini ne da ba ya ɗaukar ido. Turkawa na kiransa Yerebatan, wato abin da ya nutse cikin ƙasa, kuma da wannan sunan ya fi sauƙin tambaya.

Abu biyu ke ɓata wa baƙo lokaci a bakin ƙofa. Na farko layi, wanda ke tsawo da zarar motocin masu yawon buɗe ido sun fara sauke mutane, don haka sammako ya fi. Na biyu katin Museum Pass da ake saya don shiga gidajen tarihi: lokacin da na je ba ya aiki a nan, domin hukumar birni ce ke kula da wurin a lokacin, ba ma'aikatar al'adu ba. Sai an yanki tikiti dabam.

Matakala 52 ake sauka. Tun kafin ƙafa ta kai ƙasa iska ta canja, ta yi sanyi da danshi, gilashin kyamara ya yi hazo. Gara a dakata minti biyu a goge shi kafin a fara ɗauka. Ruwa na ɗiga daga rufi, wani lokaci a kan wuya, kuma gadar ƙarfen da ake bi tana da santsi, saboda haka silifas ba takalmin wurin ba ne.

Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya sa aka gina shi a shekarar 532. Tsawonsa wajen mita 138, faɗinsa wajen 65. Ginshiƙan marmara 336 ne ke riƙe da rufin, sahu 12, kowane sahu ginshiƙi 28, kowanne tsayinsa mita 9. Idan ya cika yana ɗaukar ruwa lita miliyan 80, wato jarka miliyan 3 da dubu 200 irin ta masu garuwa mai lita 25. Dalilin wannan ɗawainiya a fili yake: birnin teku ne ya kewaye shi ta ɓangare uku, ba shi da babban kogin ruwan sha. Daga dazuka da tsaunuka masu nisa ake jawo ruwa ta magudanai, kuma da bazara maɓuɓɓugan kan ja baya. Sai aka riƙa tara rarar lokacin damshi don a sha lokacin fari ko ranar da abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya.

Jama'a duk hankalinsu na kan ginshiƙai, ni kuwa bango da rufi ne suka tsayar da ni, don a nan gwanintar take. Kaurin bangon ya kai mita 4, na ƙonannen tubali. Abin da ya hana shi yoyo shi ne yaɓen da aka yi masa: farar ƙasa da aka kwaɓa da garin dakakken tubali, haɗin da Turkawa ke kira horasan. Garin tubalin ne ke sa farar ƙasa ta kama ko a cikin jiƙa, ta yi tauri maimakon ta narke. Rufin kuwa, duk wanda ya taɓa ɗaga kai a soron da aka yi wa ɗaurin guga a Kano ko Zariya zai gane dabarar nan take. Kowane ginshiƙai huɗu bakan gizo ya haɗa su, nauyin ƙasar da ke sama ya rarrabu ya gangara ta kansu.

Ginshiƙan ba iri ɗaya ba ne, domin yawancinsu daga tsofaffin gine-gine aka kwaso su. Shi ya sa a kusurwar can ciki ake ganin kawunan dutse biyu na Medusa, wata mata mai gashin macizai a tatsuniyar Girkawa, ɗaya a kife, ɗaya a kwance ta gefe, kowanne ginshiƙi na bisa kansa. Masu jagora na da labarai a kai. A nawa ganin magini ne ya nemi dutsen da zai cike masa tsayi, tunda wuri ne da ruwa zai rufe. Akwai kuma ginshiƙi mai zane kamar ɗigon hawaye. 'Yan'uwansa na nan zube a gefen titin Ordu, tsakanin Laleli da Beyazıt, ragowar dandalin Sarki Tiyodosiyus, mutane na wuce su kullum.

Bayan Turkawan daular Usmaniyya sun ci birnin a 1453 sun fi son ruwa mai gudu a kan wanda ke kwance, sai rumbun ya koma na ban ruwan lambunan fadar Topkapı, daga baya aka manta da shi. Wajen 1545 wani Bafaranshe, Petrus Gyllius, ya tarar da mutanen unguwar suna zura guga ta ramuka a cikin gidajensu, har da kama kifi. Ruwan da aka bari ba yasa kuwa laka yake tarawa. A gyaran 1985 zuwa 1987 tan 50,000 na taɓo aka kwashe kafin a buɗe wa jama'a. Gyaran da aka kammala a 2022 ya ƙarfafa ginshiƙan da sandunan ƙarfe saboda girgizar ƙasa, aka cire tsohuwar gadar kankare mai nauyi. Ruwan da ke ciki yau ɗan kaɗan ne, ana hango daɓen tubali ta cikinsa.

Da na fito na bi layin taram na gangara zuwa ƙofar lambun Gülhane, na hau gangaren da ke hannun dama, tafiyar kamar minti goma, zuwa gidan adana kayan tarihi na Istanbul. A nan Museum Pass na aiki. Osman Hamdi Bey, shugaban gidan a wancan zamani, shi ne ya tsaya aka buɗe babban ginin a 1891, don ajiye akwatunan gawa na dutse da ya tono a Saida ta Lebanon a 1887, ciki har da wanda ake dangantawa da Iskandar, shahararren sarkin yaƙin Girkawa. A harabar akwai ginin Çinili Köşk na Sultan Muhammad Fatih, na 1472. Kafin yankar tikiti a tambayi sassan da ke buɗe, don ana yawan rufe wasu saboda gyara. Wanda ya fito daga rumbu ya tsaya a tsakar gidan ya dubi kawunan ginshiƙai da gutsattsarin marmara da aka jera a fili, zai ga irin kayan da maginan Jastiniyan suka riƙa tsinta.

Da la'asar na koma Laleli, na taka zuwa titin Atatürk, inda gadar ruwan Sarkin Rumawa Valens ta ƙarni na 4 ta ratsa sama. Tsawon abin da ya rage ya haura mita 900, motoci na wucewa ta ƙarƙashin bakunanta, kuma ta samanta ne ruwan birnin ya riƙa tsallaka kwarin da ke tsakanin tuddai biyu.