Tela ma yana da ranar Alhamis

Shekarar tela ba ta tafiya irin ta ma'aikacin gwamnati. Shi ya san Asabar da Lahadi nasa ne, ya san watan da zai ɗauki hutu. Mu a shagon ɗinki wata ne ke juya mu. Tun tsakiyar Sha'aban kaya ke fara taruwa, kafin goman ƙarshe na azumi ba ka ganin teburin yanka saboda shadda da yadi, janareta na kwana yana ruri, yara na gyangyaɗi a kan keke. Ana gama shagalin Sallah sai ɗinkin bukukuwan Shawwal ya shigo, ga Babbar Sallah tafe bayan wata biyu da kwana goma. Duk telan da ya ce sai aiki ya lafa zai yi abin da ransa ke so, a kan keke zai tsufa.

Maigidan da na koyi aiki a hannunsa, a gefen kasuwar Wunti ta garin Bauchi, yana da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi muna yara. Azumi na kai goma yake rufe karɓar ɗinki. Mutum zai shigo da ledarsa yana cewa, "Alhaji, kala ɗaya ce fa, a taimaka." Shi kuma ko ledar ba zai buɗe ba: "Ka yi haƙuri, mun rufe. In ka yarda bayan Sallah, bismillah." Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Baba, kuɗi har cikin shago, ka mayar?" Ya ɗago daga awon da yake yi ya ce, "Kai yaro, in na karɓa da wane dare zan ɗinka? Dararen nan duk na riga na sayar da su."

Sai daga baya na ga abin da yake saya da kuɗin da yake mayarwa. Daren Sallah, lokacin da wasu teloli ke kashe waya suna ɓuya a gidan 'yan uwa, mu mun share shago mun kulle. Washegari muna filin Idi da idonmu garau, daga nan mu wuce ƙofar fada kallon hawa. Kuma tela ba ya kallon hawa yadda kowa ke kallo. Mutane na kallon sukuwa da jafi, 'yan bindiga na tashin hayaƙi, ni idona na kan alkyabbar hakimi, yadda aka bi bakinta da zare, da aska takwas ɗin da ke gaban wata tsohuwar riga, aikin hannu wanda injin kwamfuta na yanzu bai kama ƙafarsa ba. Masarautar nan tun zamanin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, take, kuma rabin tarihinta yana jikin tufafin da ake fitowa da su ranar. Abin kunya ne a ce mutumin da sana'arsa tufafi ce yana barcin gajiya a ƙasan tebur lokacin da suke wucewa.

Da na buɗe nawa shagon na ɗauki wannan ɗabi'ar, na kuma ƙara mata ranar Alhamis. Makarantun allo suna hutu Alhamis, don haka da safe wasu almajirai daga tsangayar unguwarmu kan zo in koya musu riƙe almakashi, da zura zare, da ɗinka aljihu a kan ƙyallayen da suka rage. Ba na karɓar ko sisi, kuma nan ne matsalar take. Aikin da ba a biyan kuɗinsa shi ake fara turewa in mai kaya ya matsa, domin almajiri ba zai zo ya yi maka tijara a bakin shago ba. Sai dai ya zo ya tarar kana fama da kaftanin ango, ya tsaya jim kaɗan, ya juya. Mako na gaba ba za ka gan shi ba. Shi ya sa nake rubuta safiyar Alhamis a littafin da nake rubuta awon mutane da ranar karɓa, layi ɗaya da su. In wani ya ce Alhamis zai zo gwaji, sai in ce masa da akwai mai ita, ya zo bayan Azahar. Ba na yin dogon bayani. Na lura in ka ce taimako kake yi, mutane na ganin ai ana iya ɗagawa.

Akwai kuma abin da ban yarda da shi ba a harkar taimakon al'umma: ɗaukar muƙami a ƙungiya biyar. Na ga masu yin haka, kowane taro suna nan, amma ranar yashe kwalbati kafin damina ko gyaran maƙabarta ba ka ganin ƙeyarsu. Ni gayyar unguwa in an kira nakan je, sauran na bar wa masu hali.

Tantabaruna ba sa neman rana guda. Bayan Asuba in watsa musu dawa, in canja ruwa, in leƙa tukwanen masu ƙwai, shi ke nan. Uwargida kan ce su ne kawai a gidan ba sa jin "bari in gama wannan". Ƙwallo kuwa, in Wikki Tourists na wasa a gida kuma ba lokacin matsi ba ne, nakan ja yaran shago mu je.

Fita ce ta fi wuyar shiryawa, ko da ta cikin gari. Kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, Firaministan da aka kashe a Janairun 1966, yana nan tsakiyar Bauchi, amma yaran shagona da aka haifa a garin nan ba su taɓa shiga ba sai da muka je tare. Ana bi ta wani lungu mai duhu, haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har a fito fili inda kabarin yake, babu rufi, babu wani ado. Wani yarona ya ce shi ya zaci zai ga zinare.

Yankari kuma sai da lissafi. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, kuma mutane na tahowa daga Legas da ƙasashen waje, mu da hanyar ke ƙofarmu, ka bi titin Gombe ka karya a Dindima, muna ta cewa wata rana. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke cikin dajin, ba ya canjawa, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 rani da damina, don haka mai son wanka kowane wata ya je daidai ne, ya dai riƙe ledar abincinsa da kyau saboda gwaggon biri. Amma mai son ganin giwa da ɓauna da gwanki sai ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka dawo bakin kogin Gaji. A 'yan shekarun nan kuwa daidai lokacin ne azumi ke kamawa. Na 2024 da na 2025 duk sun ci watan Maris, mu kuma muna kan keke. Abin da ya rage mana shi ne 'yar tazarar bayan Ƙaramar Sallah, kafin ruwa ya sauka daji ya rufe. Tun kafin azumi muke tara kuɗin mota a asusu ni da wasu teloli na layinmu, don in aka bari sai bayan Sallah kowa zai ce nasa ya tafi a kayan yara.

Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kusan kwana goma sha ɗaya, azumin yana ja baya zuwa cikin sanyi. A 2030, in Allah ya kai mu, farkon Janairu zai kama. Na riga na faɗa wa abokan tafiyar cewa shekarar a Maris za mu je, kuma kwana za mu yi.