Tarihin Rayuwata: Shekaruna a Kan Sitiyari
Kashi na 14: Motar da Ba Ta Shan Mai

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda ciwon baya ya raba ni da lodin Katsina zuwa Kano, na koma tuƙin gida wurin wani dattijon ɗan kasuwa a nan cikin birnin Katsina, wanda zan ci gaba da kira Alhaji kawai. Yau zan shiga zancen motar lantarki. Tun da aka fara ganina da ita a gari, da wuya in fito daga masallaci wani bai tare ni ba: "Malam, wai da gaske abin nan yana yi?" Amsar ba ta tsaye a bakin titi ba ce, shi ya sa na ware mata kashi guda.

Tsadar mai ce ta kawo ta gidanmu. Kowa ya san abin da ya biyo bayan ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, ta yi ta hawa har ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Gidan Alhaji kuwa gidan zirga-zirga ne: kai jikoki makaranta, Hajiya kasuwa, shi kansa shago, ga dubiya, ga gaisuwar rasuwa, ga biki. Ni nake riƙe da littafin mai, kuma kowane ƙarshen wata sai in ji nauyin miƙa shi, duk da ban ci kwabon kowa ba.

Babban ɗansa da ke aiki a Abuja ne ya kawo shawarar. Alhaji ya kira ni falo ya ce, "Malam, yaron nan ya ce zai turo mana motar da ba a zuba mata mai. Kai ka san mota, me ka gani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, motar da na sani mai inji ce. Wannan sai an gwada." Gaskiyata ke nan. Ni da na fara a yaron mota a tashar Daura, na koyi tuƙi a Fijo 504 irin wadda ake haɗawa a Kaduna, da kunne nake gane lafiyar mota. In fulogi ya mutu zan ji, in fanbel ya saki zan ji.

Ana cikin daminar 2024 aka kawo ta a bayan babbar mota, ƙirar ƙasar Sin, da batir mai ɗaukar yunit kusan 60, wato irin yunit ɗin da muke saye a mitar gida. Na shiga, na danna maɓalli, allo ya kawo haske, shiru. Yaron da ya kawo ta ya ce, "Baba, ai ta tashi, taka kawai." Na taɓa totur, sai ga mu a bakin get. Ba kuloci, ba canjin giya, ƙarfinta yana zuwa nan take. Shirun nan yana da daɗi, yana kuma da haɗari a lungunanmu. Yara da awaki da tsofaffi duk da ƙarar inji suke kauce wa mota. Sai da na mai da hon abokin tafiya, musamman a wajen Ƙofar Soro da bakin kasuwa.

A cikin gari, wallahi ban taɓa tuƙa motar da ta kwantar mini da hankali irinta ba. Abin da ke cinye man motar fetur shi ne tsaya-tafi, cunkoson Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da yamma, da jiran yara a ƙofar makaranta inji yana ci. Ita wannan in ta tsaya, kusan ba abin da take ci sai na'urar sanyi. Da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur kuma, injin da ke juya tayoyin yakan rikiɗe ya zama kamar janareto, ya rage mata gudu, ya mai da wuta cikin batir. Don haka birki ma ba ka cika taka shi ba. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, babu kafireto.

Na zauna na yi lissafi, don ba na son in faɗa wa Alhaji abin da ban auna ba. A gari tana cin yunit 15 zuwa 17 a kilomita 100. Ko da mafi tsadar wuta ka saya, ta layin da ake kira Band A, wadda yunit ɗinta ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 4,000 ba. Tsohuwar motarmu kuwa tana shan wajen lita 10 a wannan nisan, wato naira 10,000 lokacin da lita ta kai 1,000. Da na karanta wa Alhaji, sai ya cire tabarau ya ce, "Sake faɗa."

To amma inda gizo ke saƙa shi ne caji, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya da kyau. Wayar da ta zo da motar, wadda ake sokawa a soket ɗin gida, tana ba da yunit 2 da ɗan wani abu a awa guda. Awa ɗaya ke nan tana ba ka tafiyar kilomita 12 ko 13. Kamar cika randa ne da famfon da ke ɗiga: za ta cika, amma in daga ƙasa za ka fara, kwana da wuni bai isa ba. Akwai akwatin caji da ake kafawa a bango, mai ba da yunit 7 a awa, wanda ke cika ta a dare ɗaya, sai dai yana son wayarin mai kauri da wuta mai ƙarfi wadda za ta kwana. Mu kuwa mun san yadda wutar unguwanninmu take, ta zo ta koma, wani lokacin ta zo ba ƙarfi.

Sola ce ta tsamo mu. Alhaji yana da faranti da inbata tun da can, aka ƙara wasu saboda motar. Nan ma akwai dabara. Rana tana ba da wuta ne a lokacin da mota ke kan titi, da dare kuwa batiran gida ba za su iya ciyar da ita ba, don nata ya ninka nasu sau da yawa. Sai na sake tsarin aikina. In na sauke yara da safe na kai Alhaji shago, sai in dawo in jona ta tun hantsi har bayan azahar. Awa biyar ɗin nan takan ba ni wajen kilomita 60, abin da ya fi zagayen yininmu. Ban cika ta ba, ban kuma bar ta ta yi ƙasa ba. Masu ƙera motar ma abin da suke so ke nan: a riƙa tsayawa a kashi 80 cikin ɗari, kada a bari ta sauka ƙasa da 20 sai da dalili, a kuma ajiye ta a inuwa, don zafi shi ne babban abokin gabar irin wannan batir. Wanda ya san Katsina a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da hunturu kuma ƙura takan rufe farantan, wuta ta ragu, sai an hau an goge.

A watan Oktoban 2024, da manyan layukan wuta suka lalace, Arewa ta shafe fiye da mako a duhu, motar ba ta daina aiki ba. Sai dai ta shiga rabon wuta da firji da injin jan ruwa. Hajiya ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, ko dai motarka ta sha, ko mu mu sha ruwa." Na ce, "Hajiya, ruwa ne gaba," na cire waya. Duk mai tunanin sayen irinta ya sa wannan a lissafi: mota ce da za ta zauna a kan wutar gidanka.

Yanzu doguwar tafiya, wadda ita ce ainihin abin da mutane ke son ji.

Daura ba komai ba ce a wurinta. Kilomita 80 ne ko kusa da haka, zuwa da dawowa 160. Nakan kai Hajiya, in samu in gaida Inna, mu dawo ta Mashi da sauran wuta mai yawa. Jibiya, Dutsin-ma, Kankiya, duk haka.

Kano ce ta nuna mini iyakarta. A takarda an ce tana yin kilomita 400 da caji ɗaya. Wannan lissafin matsakaicin gudu ne a yanayi mara tsananin zafi. Motar lantarki, saɓanin ta fetur, ta fi ci a babbar hanya, don iska ce take turewa, kuma yawan gudu yana ninka wahalar, ga shi ba ka ɗaga ƙafa balle wuta ta koma. Ka ɗora gudun 110, na'urar sanyi a kunne, mutum huɗu da kaya a but, abin da za ka samu ya dawo wajen 300. Katsina zuwa Kano kuwa wajen 170 ne, zuwa da dawowa 340. Lissafin bai haɗu ba. Tun muna Gidan Mutum Ɗaya na ga adadin da ke allo yana sauka fiye da nisan da muke ci, kafin Bichi na riga na san ba za mu juyo a ranar ba sai mun sha wuta. Na faɗa wa Alhaji. Ya ce, "To ina gidan man nata?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gidan surukinka."

Can muka jona ta a soket, wuta ta ɗauke, aka tada janareto. Ina zaune ina kallon ana ƙona fetur don a ciyar da motar da aka saya saboda gudun fetur, raina bai yi daɗi ba. Muka kwana, da safe muka kamo hanya da gudun 80, sanyi kaɗan-kaɗan, muka iso lafiya. Tun daga nan in za mu Kano da ita, sai na cika ta taf tun jajibiri, na kuma tabbatar da inda za ta kwana a jone. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Laifin ba na motar ba ne. Akwai na'urar caji mai sauri da ke kai irin wannan batir daga kashi 20 zuwa 80 cikin abin da bai kai awa guda ba, gwargwadon ka yi salla ka ci abinci. Da akwai irinta a Kankiya ko Tsanyawa, da a Funtuwa da Zariya, da zancen ya ƙare. A hanyoyin da nake bi ban ci karo da ita ba. Ko an samu ma sai bakin ya dace, don bakin cajin motocin da aka yi wa kasuwar Sin daban yake da na Turai, sai da mahaɗi. Motar fetur in ta ƙafe maka a daji, za ka hau babur da galan ka nemo 'yan bumburutu. Wannan ba a kawo mata wuta a jarka, sai dai a ɗauke ta. Kuma duk direban da ke bin hanyoyin jihar nan ya san tsayuwa a daji a wannan zamani ba batun ɓata lokaci kaɗai ba ne, batun rai ne. Saboda haka da Alhaji ya yi zancen Abuja, mai nisan fiye da kilomita 500, na ce masa kai tsaye, "Ranka ya daɗe, ba zan ɗauki amanarka a cikinta ba." Ya yarda, aka fasa sayar da tsohuwar motar.

Abin yana taɓa ni, don rana ce Allah ya hore mana a ƙasar nan. Kullum na wuce Lambar Rimi na hango fankokin nan na tashar samar da wutar lantarki da iska mai megawat 10, wadda aka faro tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, sai in ce ashe an daɗe da sanin hanyar. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ya buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri an sa motocin haya masu lantarki a kan titi. Ba abin da ya gagara ba ne. Ga Jami'ar Sufuri a garinmu Daura, ina fata yaranmu da ke can su ɗauki wannan fanni da gaske.

Domin gyara ma wani tudu ne. Taya da ƙafa da birki, makanikenmu na kullum yana yi, kuma tayar takan riga ta motar fetur cinyewa saboda nauyin batir. Amma wayoyinta masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai ƙarfin gaske, bolt ɗaruruwa a ma'aunin ƙarfin lantarki, ba wurin da mai wayarin zai sa hannu da ka ba ne. Batirin kuma a ƙasan motar yake shimfiɗe, don haka tudun rage gudu da ramuka da kwatar damina sai a hankali. Shi ne kuma mafi tsada a jikinta, wanda zai sayi ta hannu ya fara sa a auna masa lafiyarsa kafin ya dubi fenti.

Don haka ga amsar da nake ba masu tare ni. In kana da gida mai get, da sola ko wuta mai tsayawa, kuma yawonka bai wuce cikin gari da Daura ba, saye ta, za ka gode wa Allah. In ita ce motarka ɗaya tilo, kana haya a gidan da ba wurin jona waya, ko kana bin Kano da Kaduna kowane mako, ka dakata tukuna. Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗanda suka fi kowa buƙatar sauƙin nan, abokaina direbobin tasha da ke raba cinikin yini da gidan mai, su ne motar ba ta kai gare su ba, ga tsadar saye, ga rashin wurin caji a hanya.

Na je tashar da kaina na baje musu wannan lissafi. Abin da suka ce da ni, da yadda wani tsohon ubangidana ya karɓi makullin ya zagaya da ita, shi zan kawo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.