Godiya daga Batambang: na tashi daga jinyar denge

'Yan'uwa da abokan arziki, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yau ni ce da hannuna nake rubutu, ba wani ne ya karɓi wayata ba kamar makonni uku da suka wuce. An sallame ni, na dawo ɗakina a Batambang, nan ƙasar Kambodiya, ina cin abinci, jiya ma har na taka zuwa bakin kogi na dawo ba mai riƙe da ni. Saƙonninku a WhatsApp sun yi yawan da in na ce zan bi su ɗaya-ɗaya, sai Kirsimeti ta riske ni ban gama ba. Shi ya sa na haɗa godiyar wuri guda. Wanda bai ga amsata ba ya yi haƙuri, ba raini ba ne.

Bari in fara da laifina, tunda Mama ta riga ta kai ƙarata gaban kowa. Da zazzaɓin ya taso ranar Talata da yamma, cewa na yi maleriya ce. Wane ɗan Najeriya ne zai ji ciwon kai da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi bai ce maleriya ba? Na buɗe akwati na ɗauko maganin da na yo guzuri daga gida, na haɗa da ibuprofen, don ƙasusuwana kamar ana faskara su da gatari. Ashe denge ce. Sauron da ke kawo ta da rana yake cizo, mai ɗigon fari a ƙafafu, kuma a ruwan randa da tsohuwar taya da tukunyar fure yake hayayyafa. Gidan sauron da na shekara huɗu ina ɗaurawa kowane dare bai tsare mini komai ba. Ibuprofen da asfirin kuwa su ne likita ke cewa kada mai denge ya ko kalle su, domin cutar tana cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini, su kuma suna ƙara tsinka shi. Farasitamol kaɗai aka yarda da shi. Mugun halinta kuma, ranar da zafin jiki ya sauka ka ce ka warke, ranar ce haɗarin yake somawa. Ranar Asabar na ji dama-dama, har na tura wa Yaya saƙo cewa na samu sauƙi. A daren ne dasashina ya fara zubar da jini.

Abin ya zo a lokacin Pchum Ben, bikin da mutanen Kambodiya ke tunawa da matattunsu. Kwana goma sha biyar ake yi ana kai abinci gidajen ibadar Buddha, a kwanakin ƙarshe kuma gari yakan watse, kowa ya tafi ƙauyensu. Abokan aikina biyu sun yi tafiya, ɗaliban da nake koya wa Turanci duk sun tafi gida. Daga ni sai mai gidan da nake haya, tsohuwar da nake kira Om, wato yadda ake kiran wadda ta girmi iyayenka.

Ita ce farkon wadda zan gode wa bayan Allah, kuma na san ba za ta iya karanta wannan ba, sai dai in sa a fassara mata. Wajen ƙarfe huɗu na asuba ta fito da ƙunshin curin shinkafar da ake jefa wa matattu kafin gari ya waye, ta ga fitilata a kunne, ta ƙwanƙwasa ba amsa, ta ɗauko makullinta ta buɗe. Abin da ta fara yi shi ne abin da uwarta za ta yi: ta shafa mini man zafi a baya ta shiga kankarewa da kwabo, wai tana fitar da iska, kamar dai yadda a wajenmu ake kiran wanzami ya yi ƙaho. Da ta ga inda kwabon ya bi ya koma baƙi ƙirin, jini yana taruwa ƙarƙashin fata, sai ta jefar da shi ta fita titi ba takalmi tana kiran mai tuk-tuk, wato irin keke napep ɗinsu. Daga baya likita ya yi mata faɗa a kan kwabon nan. Ni dai ba ni da bakin yi mata, ni da na sha ibuprofen.

Sai kun san wani abu game da Om kafin ku gane nauyin abin da ta yi. Tana budurwa lokacin da 'yan kwaminis na Khmer Rouge suka riƙe ƙasar, daga 1975 zuwa 1979, shekarun da mutum kusan miliyan biyu suka hallaka da kisa da yunwa da aikin dole. A nan kusa da mu akwai dutsen Phnom Sampeau, mai kogunan da aka riƙa jefa mutane ciki. Om ba ta san inda kabarin ubanta da yayyenta yake ba. Shinkafar Pchum Ben ita ce kaɗai ziyarar da take iya kai musu a shekara. Bana ba ta kai ta ranar ƙarshe ba, tana kan tabarma a gindin gadona tana ɗura mini kunun shinkafa da cokali. Da na ba ta haƙuri, sai ta ce matattu sun saba jira, ni ce ba ta tabbata zan jira ba.

Kwana biyu aka yi da ni a asibitin nan Batambang, ƙwayoyin da ke tsayar da jini suna ta sauka. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa sama, nawa sai da suka gangaro ƙasa da 20,000. Aka sa ni a motar asibiti zuwa Phnom Penh, babban birnin ƙasar, tafiyar kusan kilomita 290. Ban tuna komai a hanyar ba sai ledar ƙarin ruwa tana lilo a saman kaina. Ina gode wa likitoci da nas-nas na asibitocin biyu, musamman wata ɗalibata nas da ta ajiye hutunta ta bi motar, ta zama bakina da kunnena, don ɗan yaren Khmer da na iya duk ya gudu ya bar ni. An ce Hausa zalla na riƙa yi musu, ina kiran Mama.

Da aka ce ana bukatar jini kuma sai dangi sun kawo masu bayarwa, ni da dangina ke wata nahiya, ɗalibaina ne suka amsa. Mutum bakwai suka baro ƙauyukansu ana tsakiyar biki suka hau mota. A nan ne zan ɗan tsaya, domin da yawanku kun sha tambayata wane irin aikin bishara ne wannan da mutum zai haye teku ya je yana koyar da Turanci.

Ajinmu Litinin, Laraba da Juma'a ne da yamma, kyauta. Masu zuwa akwai ma'aikatan otal, masu tuk-tuk da ke son su iya ciniki da baƙi, 'yan jami'a, da wasu malaman firamare. Turanci a nan abinci ne, wanda ya iya shi albashinsa daban. Awa ta farko nahawu muke yi da hira. Yarensu ba ya sauya aikatau don nuna jiya ko gobe, saboda haka go da went kaɗai sai su ci mana mako guda, kuma harafin s na ƙarshen kalma haɗiye shi suke yi. Su ma suna ramawa, don duk ranar da Hausata ta motsa na haɗa p da f, sai ajin ya kwashe da dariya a ce Neak Kru, wato Malama, ta sake. Rabin awa na ƙarshe kuma mu karanta labari daga Littafi Mai Tsarki cikin sauƙaƙan Turanci, mu tattauna.

Wannan rabin awar a rubuce take a ƙofar aji da yarensu, kuma ranar farko nakan faɗa da bakina. Wanda ya ga dama ya tashi bayan awar farko, ba a rage masa komai. Hukumar ƙasar ta hana bi gida-gida da wa'azi, ta hana jan mutane da kuɗi ko kaya, amma ko da ba ta hana ba, ni ba zan sa ƙugiya cikin tuwo in miƙa wa mai yunwa ba. Kakata a ajin mishan ta koyi karatu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, kuma har ta rasu tana faɗin yadda mutanen ƙauyensu suka riƙa cewa karatun nan akwai tarko a ciki. Na san wannan zargin tun daga gida, ba na so a same shi da gaskiya a kaina. Su mutanen Kambodiya sai 1954 suka samu nasu Littafin cikakke, bayan masu bishara na farko na ɗarikun Furotesta sun iso a 1923, kuma 'yar ikilisiyar da ta tsiro, zamanin Khmer Rouge ya kusa shafe ta. Har gobe fiye da kashi 90 cikin ɗari mabiya Buddha ne.

Cikin bakwai ɗin da suka ba da jini akwai wanda ya fi kowa yi mini gardama. Ya taɓa zaman sufanci a gidan ibadarsu yana saurayi, kamar yadda samari da yawa ke yi na ɗan lokaci, yanzu yana aiki a otal. Mako biyu kafin in kwanta muna kan Luka sura 15, labarin ɗan da ya karɓi gādonsa ya je ya lalatar. Da muka zo inda uban ya sheƙa a guje ya rungume shi, sai ya ɗaga hannu ya ce uban nan azzalumi ne. Wanda ya shuka mugunta ita zai girba, in ji shi, ba wanda zai ɗauke maka, kuma babban wan ne kaɗai mai hankali a gidan. Rabin ajin suka goyi bayansa, da Turancinsu mai karyayyen went, har muka wuce lokaci. Ban ci gardamar ba. Na dai ji daɗi ranar, don ban taɓa jin sun yi magana mai tsawo haka da Turanci ba.

Shi ne ya leƙo ɗakin da nake kwance, da auduga manne a hannu, ya haɗa tafukansa ya gaishe ni, ya ce: Neak Kru, kada ki rubuta wa mutanenku cewa na zama Kirista fa, lada na zo nema irin namu. Na ce masa ba zan rubuta ba. To ga shi na cika alkawari. Masu tambayata mutum nawa suka tuba, amsar ita ce uku aka yi wa baftisma cikin shekara huɗu, kuma ba zan ƙara ko ɗaya a kan lissafin don rahoto ya yi kyau ba. Waɗannan ukun su ne suka riƙe ajin da ba na nan, tare da abokan aikina da suka katse tafiyarsu. Na gode muku.

Sai gida. Baba Rabaran da dattawan ikilisiya, na gode da baiko na musamman da aka ɗauka ranar Lahadi ba tare da an jira taron majalisa ba. Iyayena na Zumuntar Mata, an turo mini muryarku kuna addu'a a majami'a. Tsakaninmu awa shida ne, ƙarfe shidanku na yamma shi ne sha biyun darena, daidai lokacin da ciwo da tsoro suka fi matsa mini, sai nas ta kanga mini wayar a kunne. Na ji muryar kowace, har da mai tarin nan da ba ta fashi. Matasa da 'yan ƙungiyar mawaƙa da suka yi azumin kwana uku, Ubangiji ya sāka muku. Ofishin mishan, na gode da kuka tsaya kan maganar inshora har aka biya kaso mafi girma.

Alhaji maƙwabcinmu, Yaya ya gaya mini kai ne ka fara shigowa gida da asuba da ka ji kukan Mama, kuma kai ka kai shi wajen mai canji da aka rasa yadda za a turo dala cikin gaggawa, ka cika abin da ya rage daga aljihunka ka ce kada a faɗa. Ka yafe mini, na faɗa. Allah ya bar zumunci, ya raya zuri'a. Hajiya kuma da ta kwana uku a ɗakin Mama, na gode.

Game da kuɗi, duk abin da ya shigo da abin da aka kashe na rubuta na tura wa ma'ajin ikilisiya da rasit, mai son gani ya same shi. A nan dala da riyel, kuɗin ƙasar, ake kashewa tare, riyel wajen 4,000 a dala ɗaya, shi ya sa za ku ga lissafin kala biyu. An samu ragowa. Na nemi izinin dattawa a mayar wa ɗalibai bakwai ɗin nan kuɗin motarsu, a kuma sa wa tagogin aji raga. Om ta ƙi karɓar ko sisi, ta ma ji haushi da na yi maganar.

Mama, ki yi haƙuri, na ji saƙonki cewa in tattaro in dawo. Zan zo hutu in Ubangiji ya yarda, mu zauna mu yi maganar ido da ido. Likita ya gaya mini denge iri huɗu ce, kuma kamu na biyu ya fi na farko haɗari, don haka ban ɗauki abin da wasa ba. Yanzu da rana ma ina shafa maganin sauro, Om kuma ta zuba ƙananan kifaye a manyan randunan tsakar gida suna cinye 'ya'yan sauron, kullum da safe sai ta kira ni in zo in ga yadda suka yi ƙiba.

Ranar Litinin zan koma aji, a zaune, awa ɗaya kawai. Har yanzu muna Luka 15, don ɗalibai sun ƙi a wuce, wai sai na dawo a ƙarasa shari'ar babban wa. Ku ci gaba da sa mu cikin addu'a. In kuma akwai mai tahowa ta wannan nahiyar, don Allah a ba shi kuka da daddawa da yaji ya riƙo mini. Om tana ta zuba mini prahok, ruɓaɓɓen kifinsu, wai shi ke mayar da jini, ni kuwa miyar kuka nake mafarki.

Taku cikin Ubangiji,
daga Batambang, Kambodiya.